Kakata Ba Ta Tafa wa 'Yan Zaɓe

Tun ina da cikin Hadiza nake tsoron ta ɗauko halin kakata. Ni kam inda jama'a suka nufa, nan nake.

Shekaranjiya motocin 'yan zaɓe suka ratsa unguwarmu a Tawa. Yara duk suna tafa hannu, ɗiyata ta maida nata baya, ta ce, "Inna, mi suka yi muna?"

Haka kakata ta taɓa tsayawa wurin taron siyasa a Kalfu ina yarinya, zanenta na ƙamshin hayaƙin kara da man shanu. Na ja ta na ce, "Kaka, ki tafa, ana kallonmu." Ta tofar da goro ta ce, "Sai na ga rijiya."

Ta rasu kafin a haifi yarinyar, ban kuma taɓa ba ta labarin ba. To ta ina halin ya biyo? Ta jini? Ya aka yi ya tsallake ni?

Mijina ya ce in cire mata shi da bulala tun tana ƙarama, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Allah Ya jiƙan tsohuwa, Ya sanyaya kabarinta. Wanda ya san ko duka na fitar da abin da ke cikin jini, don Allah ya gaya mini kafin in taɓa yarinyar nan.