Inna da Talabijin ɗin Malam

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, na yi wata dabara da nake ganin babu ɗan da ya taɓa yi wa uwarsa irinta. Saura ƙiris dabarar nan ta kwantar mana da tsohuwa. Jiya wani abokina ya zo gidana da la'asar, ya tarar talabijin na ta ɓarin kiɗa kamar a gidan kallo, ya tambaye ni ko kurumta ce ta fara kama ni. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin, in huta da amsa tambaya.

Mahaifina malamin gona ne a Kebbe har ya yi ritaya. Mutum ne mai sanyin hali, ba shi da abokin faɗa, amma yana da jaraba guda ɗaya. Da an sallame la'asar zai ja janareto, ya zauna gaban talabijin ɗinsa mai ƙatuwar ƙeya, ya kamo tashar da ke sa tsofaffin makaɗa. Kiɗan noma ne, kalangu ne, kotso ne, duk nasa ne. Da girma ya zo kunne ya yi nauyi, sai ƙarar ta ƙaru. Mahaifiyata kuwa, tun da na yi wayo ban san ranar da ba ta yi mita ba. Tana madafa tana tuƙin tuwo za ka ji ta ɗaga murya:

"Malam, don Allah a rage wanga abu! Har mutanen kasuwa sun ji."

Sai ya rage. Kafin ta kwashe tuwon ya mayar da shi inda yake, kaɗan-kaɗan, yana satar kallon ƙofa. Ta sha cewa duk ranar da injin nan ya mutu sai ta yi sadakar masa.

Akwai abu guda da ya kamata ku sani, in ba haka ba za ku ce mu duka ba mu da hankali. Ni ne ɗan fari, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta zama mu yi hira, a hannun kakata ma na tashi. In tana son in yi wani abu, ina tsaye a gabanta za ta dubi wani ta ce, "A ce ma wancan shi ɗebo ruwa." Na girma, na zama malamin makaranta a Tambuwal, na yi aure, na tara 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa, amma a bakinta ina nan a wancan.

Ciwon ajali ya sami mahaifina yana zaune gaban talabijin ɗin nan. Wani maƙwabci ya ruga ya kashe injin, aka sa mahaifina a mota, bai dawo gidan da rai ba. Da aka fara zaman makoki wata gwaggona ta ɗauko zane ta lulluɓe talabijin, ba wanda ya ƙara bi ta kansa.

Bayan mahaifiyata ta fita takaba, kawuna ya tara mu ya ce ba zai yiwu a bar ta ita kaɗai a gidan ba, tunda ƙannena mata duk suna gidajen aurensu. Aka yanke ta koma wurina a Tambuwal.

To a nan dabarata ta shigo. Kafin in je ɗauko ta na tara matata da yara na yi musu jawabi kamar a taron makaranta. Na ce tsohuwar nan ta sha hayaniya duk tsawon aurenta, a gidana za ta huta. Na cire talabijin ɗinmu daga falo na ɗora shi a kan wadirob. Na hana kunna rediyo. Na ce kowa ya sa wayarsa a shiru. Har mai cajin waya na bakin layinmu na je na roƙa ya rage sifikarsa, mutumin yana kallona kamar na zo da sammaci. Matata ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai wani wasan kwaikwayo da take bi wanda ko a wurin aiki sai ta yi maganarsa, amma ta haɗiye ta ce Allah ya ba da lada. Ni kuwa har wani daɗi nake ji a raina, ina cewa yau ga ɗa nagari.

Mahaifiyata ta zo, ta sami gida tsit. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta, ta fuskanci bango da carbi a hannu, shi ke nan.

Da farko mun ce baƙunta ce. Sai muka ga kwano yana shiga yana fitowa yadda ya shiga. Matata ta yi mata tuwon dawa da miyar kuka irin wadda take so, ta taɓa ta rufe. Na sa aka kawo mini fura da nono mai kyau daga Jabo, ta kurɓa sau ɗaya ta ce a ba yara. Aka auna jininta, lafiya lau. Aka kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba, a dai riƙa ɗebe mata kewa. Matar da a Kebbe ko zazzaɓi take yi ba ta yarda wani ya taɓa mata muciya, a gidana ko leƙa madafa ba ta yi. Ta rame har zane ya fara zame mata.

Ni kuma me na yi? Na ƙara tsananta doka. Duk yaron da ya yi dariya da ƙarfi sai na zare masa ido.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba dama in ji daga bakinta. Zan durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Inna, mi ka damunki?" Sai ta juya ta dubi matata ta ce, "A ce mai lafiya lau nike." Jama'a, ina nan, kunnuwana biyu suna aiki, amma sai an yi mini tafinta. Matata ta juyo da fuskar tausayi ta ce, "Ta ce lafiya lau take." Na ce na gode, ai ban ji ba.

Wata rana matata ta same ni ta ce, "Gidan ga fa ya yi tsit da yawa. Ko mai lafiya ka aje nan sai shi kwanta. Mu maido talabijin mana."

Na ce, "Ke dai ki ce wasanki kika so ki gani. Matar da tas shekara da shekaru tana roƙon a kashe mata abu, shi za ki kunna mata?"

Ta ce, "To, kai as shugaba." Ta tafi ta bar ni da iyawata.

Ba a jima ba saƙon da nake tsoro ya iso, ta hannun tafinta kamar kullum: "A ce ma wancan shi maishe ni gida." Na yi lallashi, na kira ƙannena suka yi nasu a waya, kawuna ya yi faɗa, duk a banza. Hankalina ya tashi ƙwarai. In na mayar da ita, tsohuwa ce ita kaɗai a gidan da ba kowa, ga shi ba ta cin abinci. In na riƙe ta, a gaban idona take ƙarewa. Daga ƙarshe na ce zan kai ta ranar Asabar, ina fatan in ta ga gidan yadda ya koma za ta sake shawara.

Na ari motar abokina. Damina ce, kuma duk wanda ya san hanyar Kebbe da damina ba sai na yi masa bayani ba. Matata tana aiki ranar, don haka daga ni sai mahaifiyata, ba tafinta. Tun daga Tambuwal har muka isa ba abin da ya shiga tsakaninmu sai salatin da take yi in mun faɗa rami.

Muna shiga gidan ta wuce madafa ta ɗauki tsintsiya. Ciyawa ta cika tsakar gida, ga yanar gizo ko'ina, amma ko a jikinta. Na tsaya ina kallon ikon Allah, na san zancen sake shawara babu shi. Bayan na dawo daga sallar la'asar na ce to, in dai zaman za ta yi, ko hasken fitila ta samu. Na sayo mai, na jawo janareton Malam, na goge fulogi, na yi ta ja har kafaɗata ta amsa. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya tashi.

Kafin in miƙe tsaye sai ganga ta ɓarke a falo, da ƙarar da ta sa awakin maƙwabta suka watse. Ashe tun ranar da aka kashe injin aka fita da Malam, ba wanda ya kashe talabijin ɗin kansa. Yana nan a kunne a ƙarƙashin zane, a tasharsa, a daidai inda ya bar muryar. Na ruga a guje ina cewa na shiga uku, na kawo tsohuwa ta huta na tayar mata da abin da ta fi tsana. Ina ta lalube ban ga rimot ba, sai na ji murya daga madafa, da ƙarfinta, irin wadda rabona da ji tun Malam yana da rai:

"Malam, don Allah a rage wanga abu! Har mutanen kas..."

Na fizge wayar talabijin daga bango, gidan ya sake yin tsit. Ina jin ta tana fyace hanci a madafa. Ba zan ɓoye muku ba, na zauna a hannun kujerarsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Can sai ga ta a bakin ƙofa, ido jajur. Ba ta dube ni ba, zanen da ke kan talabijin ta duba.

"Wa yac ce a kashe? Ragewa nic ce."

Na mayar da waya a bango, na yaye zanen. Rimot ɗin yana cikin lungun kujera inda yake cusa shi. Na rage. Ta koma madafa, na ji ta aiki 'yar maƙwabta neman gari da kuka, na ji an ɗora tukunya. Ina zaune ina kallon wani tsoho yana dukan ganga a gona, ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ga yatsana yana danna rimot, kaɗan-kaɗan, ina satar kallon ƙofa.

"A ce ma wan..." Ta tsaya. Babu wanda za a ce ya ce. Na ƙara danna ɗaya.

"Kai! Da kai nika magana! Kai ma kurma na?"

Tun da aka haife ni, wannan ce magana ta farko da na tuna mahaifiyata ta yi mini kai tsaye, kuma faɗa ne. Ranar ta cinye tuwonta tas har ta ƙara.

Washegari da safe na tarar ta ɗaure kayanta, ta tsaya kusa da talabijin. Na ce, "Inna, akwai sabo a gida, marar nauyi, ya fi wanga haske." Ta yi kamar da bango nake. Haka na ciccibi ƙaton abin nan na sa a kujerar baya, ta zauna kusa da shi ta dafa shi da hannu, duk ramin da na faɗa sai ta yi tsaki. Da muka iso Tambuwal matata ta fito, ta dubi talabijin, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Da ma ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Mu duka mun ɗauka mitar da take yi ƙiyayya ce, har ita kanta ina jin haka ta ɗauka. Ashe hirarsu ce. Mutanen da ba su saba zama su ce wa juna komai a gaban yara ba, da a rage da a ƙara suke gaisawa kullum la'asar. Ni kuma da na tashi yi mata gata, sai na ɗauke mata ɗan abin da ya rage. Tun daga lokacin, in mutum ya yi rashi ba na saurin yanke masa abin da zai ba shi hutu.

Har yau abin yana ba ni haushi, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Ni ba mai son kiɗa ba ne. Na gaji aikin da ban nema ba, kullum in na dawo daga masallaci da la'asar sai na zauna gaban tsohon akwatin nan, wanda mai gyara ya ce in na ƙara kawo masa shi zai bar garin. Sunana dai har yanzu ba ta faɗa, amma na samu ƙarin girma daga wancan zuwa kai.

Makon jiya na dawo da ciwon kai, ga takardun jarrabawar yara jibge a gabana. Da Inna ta ɗaga murya daga madafa na rage, na ce alhamdu lillahi, na bar shi a haka na ci gaba da aikina. Ba a daɗe ba na ga inuwa a bakin ƙofa. Tana tsaye da muciya a hannu, tana harara ta.

"Shi ba ya barin shi hakanan," ta ce. "Maishe shi."

Na ajiye biro na ɗauki rimot.