Gudun Ƙarshe na Malam Sallau Mai Jar Tuta

Haihuwa da tasowa

An haifi Malam Salahuddeen Nuruddeen, wanda Gombe ta fi sani da Sallau, ranar ƙaramar Sallah ta shekarar 1949 a unguwar Bolari. Mahaifinsa, Malam Nuruddeen, falke ne daga ƙasar Katsina wanda cinikin auduga ya zaunar da shi a Gombe, mahaifiyarsa kuwa sunanta Batul. Ya yi karatun allo da na firamare a cikin gari, kuma gaskiyar magana ba a shaide shi da kaifin ƙwaƙwalwa ba. Baiwarsa tana ƙafa, domin tun yana ƙarami ba a taɓa aikensa ya tafi a hankali ba.

Aikin soja da aure

A shekarar 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya shiga rundunar sojan ruwa, shi da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwarin bayan gidansu ba. An kai shi Legas, ya koyi iyo da ƙyar, amma a gudun dogon zango ya zama abin alfaharin rundunarsa. A 1974 ya auri Kande, 'yar unguwar Dawaki. Bayan shekara biyu, a ƙarshen wata gasa, ya yanke jiki ya faɗi, likita kuma ya tabbatar da cewa zuciyarsa tana da lahani, duk ranar da ya sake matsa mata da gudu tana iya tsayawa. Bisa wannan dalili aka sallame shi ya komo gida.

Kande ta ɓoye kambas ɗinsa, ta kuma karɓi alƙawari daga bakinsa cewa ya bar gudu har abada. Ya cika alƙawarin irin cikawar masu taurin kai, wato kullum bayan asuba yana sassarfa a bayan gari, yana cewa sassarfa ba gudu ba ce. Daga lokacin nan tsoro ya zauna a gidan, har in ya yi jinkirin dawowa Kande ba ta iya ɗora tukunya.

Aikin layin dogo

A 1977 aka ɗauke shi aikin duba layin dogo a ƙafa. Ƙa'idar aikin ita ce, bayan duk ruwa mai ƙarfi sai an bi layi kafin jirgi ya wuce, kuma wanda ya tarar da ɓarna ba ya tsayawa a bakinta. Wajibi ne ya nausa gaba da nisa, ta inda jirgi zai ɓullo, ya kafa jar tuta a can, saboda jirgi ba ya tsayawa a inda direba ya taka birki.

A watan Agusta na 1988, da hantsi, ya tarar ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a wajen gari, ƙarafan suna rataye a kan rami, ga shi kuma jirgin fasinja daga Bauchi ya kusa isowa. Ya san abin da likita ya faɗa, ya san alƙawarin da ya ɗauka, duk da haka ya sheƙa da gudu. Direban jirgin, Ezenwa, mazaunin unguwar Herwagana, ya hango tutar ya ja birki, jirgin ya yi ta jan jiki har ya tsaya dab da ramin. An ɗauko Sallau a sume, ya yi makonni a asibiti. Jama'a sun yi ta yabonsa, Kande kuwa ta daɗe ba ta yi masa magana mai daɗi ba, don ita ta san abin da ta kusa rasawa.

Shekarun ritaya

Ya ajiye aiki a 2006, aminci kuma ya ƙullu tsakaninsa da Ezenwa har tsufa. Daga baya zirga-zirgar jiragen ta tsaya, ciyawa ta rufe dogo, layin ya zama hanyar masu ƙafa. Amma hali zanen dutse: duk safiyar da aka kwana da ruwa sai Malam Sallau ya ɗauki tsohuwar tutarsa ya fita duba layi. 'Ya'yansa sun yi magiya, ya yi kunnen uwar shegu da su.

Rasuwa

Wata safiyar Alhamis cikin watan Agusta na 2023, bayan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya fita bai dawo ba har azahar. Babban ɗansa, Abdulrasheed, ya bi layi ya tarar da sabon rami a ƙarƙashin dogo, amma babu mahaifinsa a wurin. Wasu manoma suka shaida cewa sun ga dattijon ya leƙa ramin, sannan ya juya yana gudu sosai ta wajen Bauchi. Da a bakin ramin ya tsaya ya gargaɗi masu wucewa, da ya wadatar, domin babu jirgin da ake jira. Can gaba da nisa aka same shi kwance a gefen layi, rai ya yi halinsa, tutar kuwa tana kafe a tsaye.

An yi jana'izarsa bayan la'asar a ƙofar gidansa da ke Bolari, aka kai shi makwancinsa. Washegari Ezenwa, yana dogara sanda, ya sa aka kai shi ya ga ramin da inda tutar take, sannan ya zo gaisuwa wurin Kande ya ce mata, "Hajiya, daidai wurin ya kafa ta. Da jirgi ya zo, da ya tsaya."

Marigayin ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, ya bar matarsa Hajiya Kande da 'ya'ya huɗu: Abdulrasheed, Batul, Nuruddeen da Bobbo, da jikoki masu yawa. Ranar sadakar uku Hajiya Kande ta buɗe akwatinta ta fito da kambas ɗin da ta ɓoye tun 1976, ta ajiye su a ƙofar ɗakinsa. Allah Ya gafarta masa, Ya hutar da shi.