Mai Sa wa Haruffa Ƙugiya

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Kiru cikin shekarun tamanin ya san zauren Malam Rufa'i. Tun daga bakin layi kake jin tafiretarsa tana ƙwas-ƙwas-ƙwas, in layin rubutu ya ƙare kuma 'yar ƙararrawar ta amsa. Dogo ne siriri, mai son a gaishe shi a tsanake, ba ka taɓa ganin hularsa a karkace. Katin biki, takardar sayen gona, wasiƙar neman aiki, duk wurinsa ake kawowa.

Akwai masu tafireta a Bebeji, akwai su a Tudun Wada, amma sai mutum ya tsallake su ya hawo mota zuwa Kiru, duk saboda ƙugiya. Tafiretocin lokacin don Turanci aka ƙera su, ba su san ɓ ba, ba su san ɗ ba, balle ƙ. Sauran masu bugu sai su danna maka b da d da k su miƙo, ka je ka ƙarata. Shi kuwa Rufa'i takardarka sai ta kwana a wurinsa. Washegari ka zo ka tarar kowane harafi da 'yar ƙugiyarsa a ka, da baƙin bairo, kansu ɗaya, ka rantse daga cikin injin suka fito. Har malaman firamare sukan ɗaga takardarsa su nuna wa 'yan aji.

In an yaba, sai ya gyara zama ya dubi yatsunsa ya ce, "Baiwa ce, Allah ke ba wanda Ya so."

Baiwa ce kam, sai dai ba shi aka ba. Farkon da ya fara sana'ar shi da kansa yake sa ƙugiyoyin, kuma hannun nan nasa da ya saba dukan ƙarfe ba ya jin lallashi. Wata ta fito kamar lauje, wata ta huda takardar. Wata rana matarsa Suwaiba, wadda ɗinkin hula ne sana'arta, ta leƙo tana kallon yadda yake ta tsaki, ta ce, "Malam, kawo in gwada." Ya yi dariya, don ko alif na boko ba ta sani ba. Amma ya miƙa mata. Tun daga ranar suka yi tsari: shi zai bi takarda ya sa ɗigon fensir a ƙarƙashin duk harafin da ke neman ƙugiya, ita kuma ta ajiye allura ta ɗauki bairo ta lanƙwasa musu kai, sannan ta goge ɗigon. Ba ta san me takardar ta ce ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Shi ma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da farko kunya ce ta hana shi, daga baya kuma yabon ya yi masa daɗi, ya zama abin da ba ya son a taɓa.

Haka aka yi ta tafiya har tsakiyar shekarun casa'in, 'ya'ya suka girma, furfura ta fito masa. Ran nan da hantsi yana zaune da abokan hirarsa, Sabo mai faci da Mudi dillalin hatsi, sai ga wani magidanci a kan babur da jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce sunansa Jibrin, mutumin Doguwa ne, amma a Kano yake aikin kwamfuta.

"Baba, matsala ce ta kawo ni," in ji shi. "Muna zuba sunayen manoma da ƙauyukansu a kwamfuta. In na ce ta nemo mini mutanen Ɗansoshiya sai ta ce babu, don ita ba ta san harafin Ɗ ba. Na zauna na koya mata ta gane shi in ana nema. Saura ta iya zana shi a takarda, kuma nawa zanen ko ni ba na son gani. Na tara takardu daga ko'ina, ban ga ƙugiya irin taka ba."

Sabo ya ce, "Ai ka zo gidanta."

Jibrin ya zaro wata takarda mai gida-gida ƙanana. Ya ce kwamfuta ɗigo-ɗigo take zane, don haka so yake Malam ya zana haruffan manya-manya, yana cike gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara da cewa in an gama, sunan mai zanen za a liƙa wa haruffan, duk ofishin da aka yi amfani da su za a gani.

Rufa'i ya karɓi fensir. Mutum uku sun zuba masa ido. Ya ɗora fensirin ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Can ya ce, "Af, tabarauna na ciki. Kuma ni wannan aiki ba na yin sa cikin surutu." Ya miƙe ya shige gida, tabarau kuwa ga su nan a aljihun gabansa, Mudi ma sai da ya kalle su.

Suwaiba na zaune a inuwa da hula a gwiwa. Ya yi mata bayani ƙasa-ƙasa, yana waiwayen ƙofa. Ta dubi takardar ta ce, "Wannan ai zanen hula ne, gida-gida." Shi kuma ya koma bakin rijiya yana kai da kawowa, ba ya ma son ya ga abin da take yi. Da ta ce ta gama, ya fizga ya fita bai duba ba.

Jibrin ya karɓa da hannu biyu. Ya juya takardar, ya sake juyawa, sannan ya ɗaga ta saitin ƙofa. Haske ya ɓullo ta 'yan ƙananan hujoji, a jere reras, ga ɓ, ga ɗ, ga ƙ, kowanne da ƙugiyarsa. Babu alamar fensir ko ɗaya. Suwaiba da ta ga gida-gida, hannunta ya yi abin da ya saba yi in za ta fitar da zanen hula: allura ta sa ta huhhuda gidajen.

"Ikon Allah," in ji Jibrin. "Baba, da allura kake aiki?"

Ba da wata manufa ya tambaya ba, kuma shi ya fi ciwo. Sabo ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Mudi, wanda hular da ke kansa ma ɗinkin Suwaiba ce, ya kawar da fuska. Rufa'i ya ji kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa. Ƙarya na nan kusa, da ya ce e shi ke nan. Amma ya dubi hujojin nan, ya tuna yawan takardun da suka bi ta hannun matar nan ba ko sannu a gaban mutane, sai bakinsa ya ƙi.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Mai ɗakina ce. Tun da daɗewa ma ita ce."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi. Jibrin ya ciro bairo ya ce cikin ladabi, "To Baba, wane suna zan rubuta?" Rufa'i bai taɓa kiran sunan matarsa a gaban maza ba, amma ranar ya kira, har sai da ya maimaita don muryarsa ba ta fita ba.

Bayan kaka Jibrin ya dawo da takarda fara fes, bugun kwamfuta, ƙugiyoyin Suwaiba sun zauna daram a kan haruffa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Zanen Suwaiba Rufa'i, Kiru. Rufa'i ya shiga da ita gida da saurinsa, yana jin yau dai ya sauke nauyi. Ya miƙa mata yana murmushi, yana jiran ya ga fuskarta.

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta bi takardar da ido daga sama har ƙasa, ta wuce ta kan sunanta ba ta tsaya ba. Sannan ta laluba bairo a cikin kwanon zarenta.

"Malam, wannan ba ka sa mini ɗigo ba. Ina zan sa?"

Murmushin ya tafi. Mutumin da ya buga wa rabin ƙasar Kiru takardu, ga matarsa riƙe da sunanta ba ta san shi ba ne. Wannan kunyar ta fi ta zaure, don babu wanda zai ɓoye wa ita. A waje wani yana ta sallama, yana son a buga masa takarda. Rufa'i ya ƙyale shi. Ya jawo tabarma ya zauna kusa da ita, ya kama yatsarta ya ɗora a kan harafin farko na sunanta.

"Wannan harafin sunansa sa," ya ce. "Da shi sunanki ya fara."