MaShezi da Tutar Awa Biyar

Duk mai hawa jirgin ƙasa na safe a tashar Umlazi ya san MaShezi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai kasko a gindin matakala, wadda ke soya amagwinya, wato fanke, tana miƙa wa mutane a takarda, mai na ɗiga. Ni kuwa ƙungiyar gudu ce ta haɗa mu. Sunana Bhekani Dladla, walda nake yi, kuma ni ne sanadin da MaShezi ba ta shiga babban tseren bana ba. Wata biyu na yi ina ɓoye wannan magana.

Tana da shekara hamsin da uku ta fara gudu. Wata nas ce a asibitin unguwa ta gwada jininta, ta ce ko dai ta motsa jiki ko ta fara sallama da jikoki. Ranar da ta fara zuwa wurin atisayenmu, da siket ɗin coci ta zo har ƙasan gwiwa, da takalman jikarta, da ɗankwali. Mun yi dariya, ba zan ɓoye ba, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara. Shugabanmu, Baba Khuzwayo, shi kaɗai ya tare ta da mutunci, ya ce ta bi mu a hankali, inda ta gaji ta juya gida. Ba ta juya ba. Mun gama miƙe jiki muna shan ruwa sai ga ta ta ɓullo daga kan tudu, tana haki tana rera waƙar coci.

Waƙar nan ita ce agogonta, don ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Ta ce in ta iya kai ƙarshen baiti da numfashi ɗaya, to tafiyar daidai take. In numfashin ya yanke a tsakiya, ta yi sauri ke nan, sai ta rage. Da haka ta gama kilomita goma na farko a awa ɗaya da rabi, masu tseren har sun fara kwashe tebura. Bayan shekara biyu ta shiga na ashirin da ɗaya. A shekara ta huɗu ta gama arba'in da biyu a awa biyar da minti arba'in, farcen ƙafarta biyu suka fita, washegari kuma tana gindin matakala da kaskonta. Lambobin yabon a jikin ƙusa take rataye su bayan ƙofar kicin, tare da makullai.

Burinta ɗaya ne, kuma kowa ya sani: babban tseren watan Yuni, daga Pietermaritzburg zuwa Durban, kusan kilomita casa'in. Shekara ashirin ta yi tana tsayawa a bakin hanya a Pinetown tare da marigayi mijinta, suna miƙa wa masu gudu dafaffen dankali da gishiri. Ta ce ta gaji da miƙawa, tana so ita ma wata rana a miƙa mata, kuma kafin ta cika sittin. Amma ba a karɓar mutum sai ya gama kilomita arba'in da biyu ƙasa da awa biyar. Sau uku ta gwada. Na ƙarshe minti shida ne suka raba ta da shi. Saura dama ɗaya kafin a rufe rajista, wani tsere a bakin teku a watan Afrilu.

A nan na shigo. A tserenmu akwai abin da muke kira bas: gogaggen mai gudu ya soke tuta a bayansa da lokaci a rubuce, duk mai neman wannan lokacin ya bi shi, shi ne direba su ne fasinja. Direba ba ya gudun kansa, na mutane yake yi. Ni na gama babban tseren sau shida, kuma na riga na samu gurbina na bana tun watan Fabrairu, don haka Baba Khuzwayo ya ba ni tutar awa biyar. A gaban kowa na dafa ƙirji na ce MaShezi ta ajiye waƙa a gida, ta kalli bayana kawai, ni zan sauke ta a ƙofar Yuni.

Ranar tseren, tun a layin farawa wani direba daga wata ƙungiya ya dubi fasinjojina, kusan mutum talatin, yawancinsu tsofaffi da masu tumbi, ya ce wannan ai motar ɗaukar gawa ce. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Ga sabon agogo a hannuna, ga iska mai sanyi, ga hanya shimfiɗe. Na ce a raina bari in tara mintuna tun da safe, mu ci su in rana ta yi. Duk wanda ya taɓa gudun nesa ya san wannan wauta ce, kuma ni da bakina na sha gargaɗin sababbi a kanta.

Wajen kilomita goma sha biyar na ji waƙar ta tsaya. MaShezi ta matso kusa da kafaɗata.

"Dladla, ɗana, baitin ba ya kai ƙarshe. Ka sassauta."

"Mama, ke ce direba ko ni? Ki bar wa mai agogo aikinsa."

Fasinjoji suka yi dariya. Ita kuwa ta ja da baya, ta sake mu, na ji waƙar ta dawo can nesa a bayanmu. Muka kai rabin hanya minti goma sha biyar kafin lokaci, ina ta ɗaga hannu ina jin kaina.

Rana ta fito da ƙarfinta wajen kilomita ashirin da takwas. Fasinjoji suka fara zubewa ɗaya ɗaya, wasu na tafiya da ƙafa, wani na amai a gindin bishiya. A talatin da huɗu cinyata ta dama ta ƙulle kamar an ɗaure ta da waya. Na yi tsalle biyu, ta hagu ma ta kama, na faɗi a gefen kwalta, tutar ta karkace a bayana. 'Yan fasinjan da suka rage suka dube ni suka wuce, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina kwance na ji waƙar na tahowa. Tafiyarta take, ba sauri ba jinkiri, kuma na duba agogo na ga in ta ci gaba a haka za ta shiga da rarar minti uku ko huɗu. Na juya fuskata wajen ciyawa don kada ta gane ni, alhali tuta ce a bayana mai tsawon hannu.

Ta tsaya. Na ce ta wuce, na rantse mata motar asibiti na tafe. Ta durƙusa ta kama ƙafata ta miƙe ta, ta danna tafin da ƙirjinta, ta ciro dankali da gishiri daga ƙullin da ke ƙugunta ta tura mini a baki. Ta ce shekara ashirin tana ganin irin wannan a Pinetown, kuma wanda aka bari kwance a rana haka ba lallai ya tashi ba. Sai da ta ga na miƙe tsaye na dafa kafaɗarta na taka, sannan ta sake ni. Minti takwas ta yi a kaina. Ta shiga a awa biyar da minti huɗu, ni kuma na dogara na shigo bayanta kaɗan.

Faɗuwar ba ita ce abin kunyar ba, kowa na faɗuwa. Abin da ya biyo baya ne. A tantin ƙungiya ana gasa nama, mutane suka ga mun shigo kusan tare, suka yanke hukunci da kansu: tsohuwa ce ta gaza, direba ya sadaukar da bas ɗinsa ya tsaya mata. Baba Khuzwayo ya rungume ni, ya ce irin wannan zuciya ake nema a ƙungiya. Aka miƙo mini nama mafi kyau. MaShezi na zaune a kan akwatin ƙanƙara tana kwance igiyar takalmi, tana jin komai. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai na ci naman. Wata mata har ta dafa ta tana cewa ta haƙura, shekaru ne, jiki ba ya ƙarya. MaShezi ta ce haka ne.

Daga ranar na daina bi ta tasha, na koma hawa motar haya don kada mu haɗu.

Yuni ya zo, na shiga tseren da gurbina. Wajen kilomita saba'in, a Pinetown, ƙafafuna sun zama itace, sai na hango ta a bakin hanya inda ta saba tsayawa, sanye da rigar ƙungiya, da roba cike da dankali. Ba hanyar kaucewa. Ta zaɓo babba ta dangwala a gishiri ta miƙo mini.

"Karɓi, direba. Kada ka zauna fa, yau ba mai ɗaga ka."

Na karɓa na sa a baki. Na yi kilomita guda da shi a kumatu ina kuka, mutanen gefen hanya suna tafa mini, sun ɗauka gajiya ce.

A taron ƙungiya na satin da ya biyo na miƙe na faɗi komai, tun daga maganar motar gawa har naman da na ci. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi zagi ciwo. Na ajiye tutar a gaban Baba Khuzwayo, bai ce in ɗauka ba.

Washegari na je gindin matakala. MaShezi ta ce labari ya iso ta, kuma faɗin da na yi bai dawo mata da minti huɗunta ba. A watan Satumba za ta cika sittin, wancan burin ya wuce, gwiwarta ta hagu kuma ta fara magana. Amma akwai tsere a Nuwamba, za ta sake gwadawa don Yunin baɗi. Na tambaye ta ko za ta yarda in raka ta. Ta juya amagwinya a mai.

"Ka zo. Amma a bayana za ka tsaya, kuma ka bar agogon a gida."