Kunnen Hagun Yaya

Yayana ɗan acaɓa ne tun kafin in gama sakandare. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, kuma duk wanda ya saba bin wannan hanya a shekarun baya ya san shi, ko bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe muryarsa. Mutum ne mai surutu. In ya ɗauko fasinja, kafin su kai rabin hanya ya san garin da ya fito, da abin da ya noma bana, da wanda ya ɓata masa rai a gida. Mata masu zuwa awo asibiti sukan tsaya jiransa ko da wasu babura suna nan, domin ba ya gudu da su kuma yana sa su dariya. Ranar Alhamis a Maigatari yake wuni, yana jigilar masu sayen awaki da masu buhunan riɗi. Da wannan babur ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, da shi ya yi mini hidimar karatu har na samu aiki a sashen gona na sakatariya a Gumel. Ni ne autan gidanmu, kuma Auta yake kirana har yau.

Yana da wata ɗabi'a da ba na so. In waya ta shigo yana tuƙi, sai ya cusa ta a ƙarƙashin hula, ya karkace wuya, ya ci gaba da tafiya yana magana. Na yi faɗa har na gaji. Da na je Kano wani aiki, sai na sayo masa iyafis, abin jin waya da ake cusawa a kunne, marar igiya, farare guda biyu a cikin ɗan gidansu na caji mai kamar ƙwan zabo. Innarmu ta juya su a tafin hannunta ta ce, "Yanzu har maza an yi wa 'yan kunne?" Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya saka su, ya shiga zagaya tsakar gida yana rangwaɗa kamar amarya.

Ya so abin nan ƙwarai. A kan hanya na dama kawai yake sakawa, ya bar kunnen hagu yana sauraron titi, domin ta hagu motoci suke wuce mai babur. In ya tsaya hutawa a gindin darbejiya sai ya saka duka biyun, ya ji karatu ko sharhin ƙwallo.

Karon farko da na hagu ya daina magana, gyaran bai ba mu wuya ba. Ya biyo ta ɗakina a Gumel da rana, ya miƙo mini ya ce abin nawa ya mutu rabi. Na buɗe gidan cajin na ga ramin hagu cike da rairayi, ɗan ƙarfen da ke ba shi wuta ya rufe. Na naɗa auduga a tsinken ashana na goge, na share ragar bakin iyafis ɗin da ta toshe da dattin kunne, na mayar da su muka jira. Can sai 'yar fitilar ta kama. Ya saka, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce, "Ashe karatun naka bai tafi a banza ba." Ya cinye mini sauran ƙosan da na ajiye ya tafi.

A bazarar shekarar da ta biyo ya kwanta ciwo. Zazzaɓi ne mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, har ya daina gane mutane. Muka kai shi asibiti a Gumel, aka yi ta allura da ƙarin ruwa. Inna ba ta bar bakin gadonsa ba. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi, a rame, yana tafiya yana dafa bango. Da ƙarfinsa ya ɗan dawo ya koma kan babur, ko da yake mun ce ya ƙara hutawa.

Ba a jima ba ya kira ni ya ce na hagun ya sake mutuwa. Na ce ya goge shi yadda na nuna masa. Ya ce ya goge. Na ce ya mayar da su gidansu ya bar su su cika da caji. Washegari ya ce sun cika, fitila tana kamawa, amma shiru. Na sa shi ya shiga wajen bulutut a wayarsa ya cire sunan iyafis ɗin, ya danne bayansu duka biyu har fitilar ta riƙa ƙiftawa, sannan ya sake haɗawa. Muka yi ta wannan a waya, ina faɗa yana cewa, "Me ka ce? Ɗaga murya, sabis ba shi da kyau a nan." Har wurin da ake karkatar da sauti zuwa dama ko hagu na sa ya duba, ya ce abin yana tsakiya. A ƙarshe na ce to ya bari, Alhamis ina da aiki a Maigatari, mu haɗu.

Na same shi a rumfar wani mai gyaran waya, mutumin Damagaram, a layin da ke bayan masu sayar da igiya da akala. Tun daga nesa na hangi Yaya yana ɗaga hannu yana jayayya. Mai gyaran ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ɗan'uwanka ne? Na gwada a salulata, na gwada a tasa, duka biyun lafiya lau suke. Ni ba zan buɗe abin da bai lalace ba."

Yaya ya ce, "Auta, gwada ka ji. Wai yana so ya ce mini ban san abin da nake ji ba."

Na karɓa na saka. Karatun da ya kunna ya cika mini kunnuwa biyu, na hagu ma kamar ya fi ƙarfi. Sai na ciro na hagun na riƙe masa a kunnen dama.

"Kana ji?"

"Ina ji."

Na ciro na dama, wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, na saka masa a kunnen hagu. Ya tsaya yana jira. Na ƙure ƙarar har ni da ke tsaye ina jin sautin yana fitowa. Ya ci gaba da jira, idonsa a kan fuskata.

Mai gyaran ya sunkuyar da kai ya kama wani aiki. Yaya ya cire iyafis ɗin a hankali, ya mayar da su gidansu, ya rufe. Muka fito muka zauna a kan benci wajen mai shayi, amma ba wanda ya ce a kawo komai. Kasuwa tana ci, ana koro shanu, manyan motoci suna ta oda.

Can Yaya ya ce, "Tun da na tashi daga ciwon nan nake jin kamar an cusa mini auduga a wannan gefen. Na ɗauka zai washe." Ya murza gidan cajin a hannunsa. "Na so a ce abin nan ne ya lalace, Auta. Shi ana sayen wani."

A asibitin Gumel aka leƙa kunnen, aka wanke shi, aka ce ba a ga komai a ciki ba, mu tafi Kano. A Kano aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai ƙofa mai kauri, aka ɗora masa abin saurare a ka, aka ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ina tsaye ina kallonsa ta gilashi. Da ana gwada dama yana ɗagawa, ko da yake wani lokaci a makare. Da aka koma hagu sai hannunsa ya zauna a kan gwiwa. Ina ganin matar da ke gwajin tana murɗa abin nata tana ƙarawa, shi kuwa yana zaune a natse kamar mai jiran a fara.

Likita ya yi mana bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce ciwon da Yaya ya yi ne ya taɓa can cikin kunne, inda magani ba ya dawo da abin da ya tafi. Hagu ya tafi. Dama ma ya taɓu, kuma ba zai iya alkawarin zai tsaya a haka ba. Yaya ya tambaye shi abu ɗaya kawai: "Likita, zan iya ci gaba da tuƙi?" Likita ya ce shi dai ba zai ba shi shawarar haka ba.

Ya ci gaba da tuƙin. Yana da mata da 'ya'ya, ga Inna, kuma ba shi da wata sana'a sai gonar gado da muke nomawa da damina. Ya ƙara madubi babba a hagun babur, ya rage gudu, ya daina saka komai a kunne. Fasinjoji suka fara cewa ya canza, ba ya hira. Ba su san cewa in suna magana a bayansa iska ce take kwashe rabin maganar ba.

Ranar da ya ajiye babur ba kowa ne ya sa shi ba. Ya ɗauko wata mata mai goyo zai kai ta Gagarawa Tasha. Ya kauce wa rami ya ɗan shiga tsakiyar titi, ashe wata babbar mota tana bayansa tana ta oda bai ji ba. Matar ce ta daki bayansa da ƙarfi, ya karkace, motar ta wuce har iskarta ta cire masa hula. Ba wanda ya ji ciwo. Ya sauke ta a ƙofar gidan da za ta, ya ba ta haƙuri, ya dawo gida a hankali ta gefen titi. Ya shigar da babur zaure ya jingine shi. Matarsa ta ce mini ranar ko abinci bai ci ba, ya ce mata, "Raina nawa ne, amma na yaron mutane fa?" Bayan girbi ya sayar da babur ɗin ga wani abokin sana'arsa, ya sayi shanun noma.

A waɗannan kwanaki ne Inna ta faɗa mini maganar da na daɗe ina jin zafinta. Na je gida ƙarshen mako, ina zaune kusa da ita tana tsince wake, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Abin nan da ka kawo masa ne ya cinye masa kunne. Tun farko raina bai kwanta da shi ba." Na ce, "Inna, likita ya ce ciwon ne." Ta ce, "Likita bai ga yadda yake kwana da shi a kunne ba." Na san ba gardama take nema ba, tana neman inda za ta ɗora abin ne. Ban san yadda maganar ta kai wa Yaya ba. Da yamma ya zo ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, kada ki ƙara ɗora wa Auta wannan. Allah ne ya kawo, kuma ba don abin nan nasa ba, da har yau ina kan titi ina ƙaryata kaina." Da zan koma Gumel Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa fiye da yadda ta saba, ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta yi.

Kunnen dama bai tsaya ba. A hankali ya riƙa raguwa, shekara bayan shekara. Mun samo masa na'urar ƙara ji, ta taimaka in mutum ɗaya ne yake masa magana a ɗaki, amma a cikin jama'a ya ce sai ta haɗa masa komai wuri ɗaya kamar kukan injin niƙa. A majalisar ƙofar gida, inda a da shi ne mai riƙe hira, sai a tambaye shi abu ya amsa wani daban. Da farko ana dariya, shi ma yana taya su. Daga baya aka daina dariyar, aka koma maimaita masa magana a hankali kamar ana koya wa yaro, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya rage fita. In an idar da salla sai ya yi musabaha ya wuce gida. Gona ta zama wurin zamansa, har da rani yakan je ya yi ta gyaran shinge da ba ya buƙatar gyara.

Na koyi zama a damansa, in fuskance shi, in yi magana ba tare da ihu ba. In mu biyu ne, tsohon Yaya yakan leƙo. Yakan ba ni labarin wani fasinja da ya taɓa ɗauka da tunkiya a cinya, ya kwaikwayi muryarsa, mu yi dariya. Sai dai yanzu muryarsa takan yi sama ko ta yi ƙasa ba tare da ya sani ba, kuma in na sa baki a tsakiyar labari ba ya tsayawa.

Bara matarsa ta haifi 'ya mace. Na je suna, na kwana biyu. Da aka watse na shiga ɗaki na same shi zaune a bakin gado ya rungume jaririyar, ita kuwa tana ta tsala kuka, fuskarta ta yi ja. Matarsa ta ce yarinyar nan kuka gare ta, duk cikin 'ya'yanta ba wanda ya kai ta. Na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, wannan ta gado bakinka."

Ya sa na maimaita. Da ya gane sai ya yi murmushi ya ce, "Haka suke faɗa mini." Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙirjinta, ya bar shi a nan yana kallon bakinta yana buɗewa yana rufewa. Ya jima a haka, sannan ya miƙa wa uwarta ya ce, "Karɓi, yunwa take ji."