Faifan Yaya Sani a Gonar Gero

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji huɗu, na tsinci kaina a durƙushe a gonar geronmu ina tonon laka da hannu biyu, ina kuka ba sauti. Abin da nake nema ɗan faifai ne mai walƙiya, bai fi tafin hannun Baba ba, amma na tabbata in ban same shi ba kashina ya bushe.

Faifan na Yaya Sani ne, babban wana. Rani guda ya yi yana dakon buhuna a kasuwar Dawanau, ya dawo ƙauyenmu na kusa da Bagwai da na'urar gem ta gwanjo da faifai ɗaya tak na wasan ƙwallo. A lokacin ba mu san wani sauke wasa a waya ba. In kana so, sai ka shiga mota ka je birni ka sayo shi a kwalinsa, ka dawo kana dafe da aljihu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, samari su cika shagonsa, a tayar da ɗan janareta, ihu ya kaure, mu 'yan mata muna leƙe ta taga. Yaya kuwa akwai saurin hannu, kuma ya sha faɗa a gabanmu: "Duk wanda ya taɓa faifan nan, ni da shi ne." Amma shi ne kuma yake goya ni a keke zuwa makaranta kullum, har ya tsaya ya saya mini ƙosai.

A makon nan gero ya fara nuna, tsuntsaye suka sako mu gaba, aka ɗora mini gadin yamma. Aikin ya fi kowanne gundura: ka zauna kana jan igiya mai gwangwanaye, kana ihu har maƙogwaro ya bushe, alhali kana jiyo ƙawayenka su Ladidi suna gaɗa a ƙofar gida. Sai na lura gonar maƙwabcinmu Malam Ado ba mai gadi. Tsofaffin fayafayen wa'azi ya rataya a kan karare, iska na juya su, haskensu na korar tsuntsaye. Ranar Litinin Yaya ya tafi Dawanau, ba zai dawo ba sai Juma'a. Na shiga shagonsa, na ɗaga katifa, na zaro faifan. Har da huda a tsakiya, kamar don rataya aka yi shi. Na ɗaure shi da zaren ɗinkin Inna, na tafi gaɗa abina ina ganin na fi kowa wayo. Washegari aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ni kuwa ban tuna da shi ba sai da safiyar Laraba, ina tsakiyar karatun allo. Gabana ya yanke ya faɗi.

Na same shi a gindin kunya, rabinsa a cikin laka. Na ruga gida da shi a cikin zane, na laɓe bayan rumbu. Na ga ya dushe, ni kuma hanya ɗaya na sani ta mayar wa abu ƙyallinsa, wadda Inna ta koya mini a wankin kwanuka. Na ɗebo toka da ɗan yashi, na sa soso, na dirje shi sosai, ciki da baya, ina addu'a. Da ya bushe sai na ga zane-zane ko'ina a jikinsa. Na mayar da shi kwali, na tura ƙarƙashin katifar.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk ƙarar keke da na ji sai in ruga bayan rumbu. Inna ta taɓa goshina ta ce zazzaɓi ne, ta jiƙa mini sabara, na shanye ban yi gardama ba, abin da ban taɓa yi ba. Ranar Juma'a Yaya ya dawo da tsarabar dabino, ya ba ni nawa ya fi na kowa, na ƙulle shi a bakin zane ban ci ba. Aka tayar da janareta. Ina tsaye a bakin taga na ji na'urar tana ta gurnani, allon talabijin baƙi ƙirin. Aka cire, aka hura, aka goge da bakin riga, shiru. Sai Yaya ya juya faifan ya ɗaga shi sama, ya sa farce ya zaro guntun jan zare daga hudar. Duk gidanmu Inna kaɗai ke da zaren nan, kuma ni ake aike ɗauko shi. Ya waiwayo, idonmu ya haɗu.

Ban gudu ba. Ya fito ya riƙe hannuna, ya ce, "Hauwa, mu je ki nuna mini." Muka bi ta tsakanin gonaki, ni ina jiran inda zai tsaya ya karyo tsumagiya. A hanya na faɗa masa komai, har da tokar. Da muka isa ya daɗe yana kallon faifan. Sai ya ciro zare daga bakin hularsa, ya ɗaure shi a karan da na nuna. "Tunda tsuntsaye kika ba, a bar musu," in ji shi. Bai dake ni ba. Na ga idonsa ya yi ja, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da aka yi wani ranin kafin a sake jin ihun samari a shagonsa, amma ranar Litinin da ta biyo bayan Juma'ar nan ya tsaya da keke a ƙofar gida yana kaɗa mini ƙararrawa.

Shekaru sun shuɗe. Kwanaki ɗana Abba ya jefa wayar babansa a bokitin wanki. Na ji irin faɗuwar gaban nan ta dawo mini, shi ko a jikinsa. Da aka sayo wata, kafin la'asar ya sake sauke wasanninsa kaf, ba kwali, ba abin da za a ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na san haka ya fi sauƙi, ba na musu. Amma Yaya Sani, wanda yanzu yake da rumfar hatsi tasa a Dawanau, tun da ya kwanto faifan nan bayan girbi, har yau yana rataye a kan ƙofarsa, kuma duk wanda ya tambaya sai ya yi dariya ya ce, "Wankin Hauwa ne." In na je nakan tsaya in kalle shi yana juyawa. Abba bai taɓa jin tsoron rasa wasa ba, kuma ba shi da abin da wani zai rataya don tunawa da shi.