Ɗurar da Aka Yi wa Lamba Bakwai

Har yau idan na ji akuya ta yi tari sai raina ya ɓaci, kuma na san ranar da abin ya samo asali.

Lokacin ina aiki a wata 'yar tashar bincike ta jami'a, can bayan Gagarawa Tasha, inda ake ajiye awakin gwaji. Ni ba dakta ba ne, balle farfesa. Aikina in auna dabbobin, in ba su harawa da ruwa, in rubuta wadda ta ci da wadda ta ƙi. Daga baya aka ce duk mai binciken da zai taɓa dabba sai ya zauna kwana uku an koya masa yadda ake riƙe ta ba tare da an azabtar da ita ba. Koyarwar ta faɗo kaina, don cikin awaki na tashi a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar. Rabin abin da ke cikin littafin horon, Innata ta riga ta koya mini shi da ranƙwashi tun ban shiga aji ɗaya ba.

A wata bazara aka turo mini mutum shida za su gwada wani jiƙon ganye na tsutsar ciki. Biyar matasa ne, na shidan shi ne shugabansu, wani farfesa mai furfura, sa'an mahaifina. Kafin su zo na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis na zaɓo awaki goma sha biyu, na bar su suka huce gajiyar mota da ta kasuwa. Cikinsu akwai wata jar akuya mai tsagaggen kunne, wadda na rataya wa lamba bakwai. Mafaɗaciya ce, ba ta yarda kowa ya matso ta. Sati biyu ina lallaɓa ta da dusa da kanwa a tafin hannu kafin ta bari na shafa wuyanta.

Kwana biyun farko na yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe. Na fi nanata maganar ɗura. Na ce idan za a ɗura wa akuya magani, a bar kanta a daidai yadda take tsayuwa, a sa bakin sirinji ta gefen baki, a zuba kaɗan, a jira ta haɗiye. Kada a ɗaga kanta sama, kada a ja harshenta, kada a zuba tana kuka, domin ruwan zai bar hanyar ciki ya bi ta huhu. Matasan suna ta rubutu. Farfesa kuwa yana ƙarƙashin darbejiya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana danne-dannen waya. Da na roƙe shi ya matso, sai ya yi murmushi ya ce, "Ci gaba kawai, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake da awaki a gida."

Yana da awaki a gida! Ni ma ina da agogo a hannu, amma ban taɓa cewa na iya gyaransa ba.

Rana ta uku aka zo gwaji da hannu, da ruwan zalla maimakon magani. Matasan suka yi ɗaya bayan ɗaya, har wata ɗaliba da ke tsoron awaki ta yi shi tsaf. Sai wani ya fito da waya zai ɗauki hoto. Nan take Farfesa ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga, ya ce a kawo masa jar nan, ta fi kyau a hoto. Aka yi ta zagaye da ita ta ƙi kamuwa. Ni na kira ta, ta zo, na durƙusa na riƙe mata ƙirji da ƙafafun gaba.

Farfesa ya ture sirinjin, wai wannan wasan yara ne, ya ɗauki kwalba cike da ruwa. Ya kama haɓarta ya ɗaga har hancinta ya kalli sama. Ya sa yatsa ya jawo harshen. Duk abin da na kwana biyu ina hanawa, sai da ya yi shi a jere, kamar ya haddace don ya saɓa.

Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe..."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ɗalibansa biyar suna tsaye. "Na'am?"

Na ce, "A hankali dai."

Abin da na iya faɗa ke nan. A gidanmu ba a ce wa mai furfura ya yi kuskure a gaban yaransa. Sai a jira a keɓe, a yi gaisuwa, a kewaya, a ce wataƙila da an yi kaza. To, kafin in gama kewayawa a zuciyata ya riga ya juye mata kwalbar a baki. Akuyar ta yi kuka, kukan ya yanke a tsakiya, na ji ƙirjinta yana bugawa a tafin hannuna. Ruwa ya fito ta hanci. Aka ɗauki hoto, har da masu tafi.

Da la'asar suka shiga mota suka koma birni. Washegari lamba bakwai ta ƙi tuƙa, ta koma lungu ta sunkuyar da kai, numfashinta yana kurman gurnani. Na kira likitan dabbobi daga Gumel, ya zo ya saurari ƙirjin, ya yi mata allura, ya dube ni ya ce, "Wa ya yi mata ɗura haka?" Na juya na hau gyara mata harawa. Kwana huɗu tana tari, majina tana zuba, ina shafa mata ruwa a kunne saboda zafin jiki. Ran na biyar da hantsi na kawo mata dusa na tarar ta miƙe ƙafafu.

Na buga wa Farfesa waya na sanar da shi ta mutu. Ya ce, "Ayya. Ka rubuta lamba bakwai ta fita daga gwaji. Ai gobe Alhamis, ka samo wata ja irinta." Ya ƙara da tambayar ko na sa hannu a takardun shaidar horon.

Wallahi ranar na zagi mutumin nan a cikin garke har awaki suka taru a gefe guda suna kallona. Mutum ya yi karatu har ya ƙure, a ce bai san akuya tana da huhu ba! Ga wanda zai rubuta littafi a kan lafiyar dabbobin talakawa. Na sa hannu a takardu biyar, na jefa ta shidan cikin durowa na kulle.

Ran Juma'a na hau mota na tafi gida da fushina. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ko ruwa ban gama sha ba na fara zazzage mata: girman kansa, da kwalbar, da hoton, da harshen da ya ja. Na yi tsammanin za ta taya ni, don na sha ganin ta kori maƙwabci daga gidan nan a kan ya jefi ɗan akuya da dutse.

Ta saurare ni har na gaji, hannunta bai daina ɓara ba. Sannan ta juya harshe zuwa Fulatanci, abin da ba ta yi da ni sai magana ta yi nauyi.

"Shi baƙo ne a wurinta, dole ta guje shi. To ya aka yi ya kama ta?"

Na ce, "Kiran ta na yi, Inna."

"Ta zo?"

"Ta zo."

"Da yake zuba mata ruwan, wa ya riƙe ta?"

Na dubi hannuwana a kan gwiwa. Inna ta ja kwaryar gyaɗarta ta shige ɗaki, ba ta jira amsa ba.